Kyamarar Kulob Ta Kwana a Argungu

Filin da suke wasan golf a bayan Birnin Kebbi ba shi da ciyawa ko ta magani. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, da sabara nan da can, sai kewayen kowane rami da suke zuba wa yashi haɗe da baƙin mai don ƙwallo ta gangara sumul. Alhaji Abdussamadu ne ya share wurin. Likitan dabbobi ne, yana cikin ma'aikatan da aka maido daga Sakkwato lokacin da aka yanke Jihar Kebbi. Ya zo da sandunansa a bayan mota, ya yi ta jan abokan aiki ɗaya bayan ɗaya har suka zama kulob. Masu wucewa a kan baburan kabu-kabu sukan rage gudu su kalli manyan mutane suna bin 'yar farar ƙwallo cikin rana.

A shekarar 2003 kuwa, Alhaji ba ya cikinsu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya koma gida Argungu. Hannun dama ba ya ɗaguwa, magana da ƙyar take fita. Da farko 'yan kulob sun yi ta zuwa dubiya mota cike. A hankali zuwan ya ja baya, don in sun gama gaisuwa ba su san abin da za su ƙara ba, shi kuma sai ya juya fuska ga bango.

A cikin wannan shekarar ne kulob ya yanke shawarar sayen kyamara irin ta zamani, wadda ba a sa mata fim, mai ɗan allo a baya da ake ganin hoto nan take. Aka tura mutum biyu Sakkwato su zaɓo: Zulkifli, malami a kwalejin fasaha, da Usmanu, ma'aikacin gona ɗan asalin Gulma.

Mai kanti ya ajiye musu guda biyu. Ɗaya babba ce mai nauyi, tana jawo abu daga nesa, hotonta tas. Ɗayar ƙarama ce, hotonta bai kai na babbar ba, amma tana ɗaukar motsi da murya na ɗan lokaci kaɗan.

"Wagga babbar za mu ɗauka," in ji Usmanu. "Ranar ba da kohi, kowa shi ga huskatai da kyau."

"Mi za mu yi da hoton da bai motsi?" Zulkifli ya ce. "Ni so nike in ga abin da nike yi ba daidai ba. Kullum ƙwallona sai ta karkace dama, kuma tun da Alhaji ya kwanta babu mai iya hwaɗa min dalili."

Suka yi ta ja har mai kanti ya gaji, ya miƙa wa Usmanu ƙaramar ya ce su gwada. Zulkifli ya ɗauki wata laima da ke jingine, ya gyara tsayuwa, ya kaɗa ta kamar sandar golf. Da suka sa kai a kan allon, Usmanu ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ashe haka kake? Kamar mai sussukar gero!"

Zulkifli bai ji daɗi ba, amma ƙaramar suka saya.

Aka tsara kowa ya riƙe ta mako guda, da sharaɗin ranar Asabar ta zo fili. Ba a jima ba ta fara dawowa cike da hotunan suna, da na ɗaurin aure, da na buhunan albasa a gonar wani. Wani lokaci batir a mace. Katinta na ajiyar hotuna ƙarami ne, sai an goge wani abu kafin a ɗauki sabo, kuma babu mai yarda a goge nasa. Zulkifli ne ke faɗa kullum, har aka fara kiransa mijin kyamara.

Bayan damina suka gayyaci 'yan wasa daga Sakkwato. Zulkifli ya yi ta shiri, aka sabunta tutocin ramuka, aka kafa rumfa, aka yo odar gasasshen kifi. Makon Usmanu ne. Ranar ta zo, baƙi suka iso, aka yi wasa, aka ci aka sha, aka miƙa kofi. Babu Usmanu, babu kyamara. Baƙi suka shiga motocinsu ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba.

Washegari da hantsi Zulkifli ya isa gidan Usmanu a unguwar Nasarawa, ransa a ɓace. Ko zama bai yi ba.

"Ina kak kai ta?"

"Argungu," in ji Usmanu. "Zamna, don Allah."

"Ba ni zamnawa. Ka kunyata mu gaban baƙi."

Usmanu ya ɗauko kyamarar. Ya kunna ta ya miƙa masa.

A kan allon, Alhaji Abdussamadu ne zaune a kujera a tsakar gidansa. Ya rame, hula ta yi masa yawa. Amma idanunsa na kallon kyamara kai tsaye. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙasa, bakinsa na kokawa da kalmomi.

"Zul... kifli. Ƙahwa. Ta hagu. Kana... ɗaga ta. Bari."

Hoton ya tsaya. Zulkifli ya sake kunnawa. Sai ya nemi gefen tabarma ya zauna.

Usmanu ya ba shi labari. Ranar Juma'a ya tafi Gulma gaida mahaifiyarsa, ya ratsa ta Argungu. Bayan gaisuwa shiru ya sauka kamar kullum, sai don ya sami abin yi ya ciro kyamarar ya nuna wa Alhaji filin, da kowa yana bugu. Alhaji ya karɓe ta da hannun hagu ya ƙura mata ido. Ya kalli na Zulkifli, ya yi alama a maimaita, aka maimaita, ya kuma yi alama. Da Usmanu ya tashi tafiya, Alhaji ya ƙi sakin ta. Sai washegari, ranar wasan, ya koma ya karɓo ta, bayan Alhaji ya sa ya ɗauke shi yana wannan maganar.

"Hajiya Asiya ta biyo ni har zaure," in ji Usmanu, yana nufin matar Alhaji. "Tac ce, 'Usmanu, tun da anka maido shi gida ban ga ya nemi wani abu da kainai ba sai yau. Ka bar mai ita shi kwan da ita.' To, kai a matsayina mi za ka yi?"

Zulkifli ya juya kyamarar a hannu.

"Da ka aiko ko da direban tasha ne," ya ce, amma muryarsa ta sauka.

"Wanga kam laihina ne."

Asabar ta gaba, kafin a fara wasa, Zulkifli ya zagaya da allon kowa ya gani. Shi da kansa ya kawo shawara: a daina rabon mako-mako. Ranar Asabar a ɗauki bugun kowa, ranar Lahadi wani ya kai ta Argungu, ta dawo kafin wata Asabar. Wasu sun ɗan yi gunaguni saboda bukukuwan da ke gabansu, aka ce mai biki ya yi magana a ba shi ranar. A haka aka tsaya.

Hajiya Asiya ta koyi inda ake dannawa. Hotunanta na farko rabin kan Alhaji ne da rabin bishiyar darbejiya, daga baya hannunta ya zauna. Kowane mako sai kyamara ta dawo da saƙo. Wannan ya sassauta riƙo. Wancan ya daina ɗaga kai kafin ya buga. Ana taruwa a inuwar mota ana kallo, ana yi wa wanda aka kama tsiya. Kuma ba wanda bai lura ba, kalmomin Alhaji suna ƙara tsawo, kafaɗar dama ta fara bin hannun hagu in yana kwatance.

Da aka gama yankan shinkafa, layi ya zo kan Zulkifli. Ya bi hanyar Argungu da safe, fadama ta yi fili, ana ta ɗora buhuna a kan amalanke. Yana ta tunanin abin da zai ce in gaisuwa ta ƙare.

Bai buƙaci komai ba. Yana yin sallama ya tarar da Alhaji a tsaye a tsakar gida, ya jingina da turken rumfa, sandar golf a hannun hagu. An binne gwangwanin tumatir a ƙasa can gaba kaɗan, an share kewayensa.

"Aikina ne," in ji Hajiya Asiya tana dariya. "Ya hana ni sakat sai da nig gina mai rami."

"Ranka shi daɗe," Zulkifli ya ce, ya durƙusa.

"Tashi," in ji Alhaji. "Duba."

Ya tura ƙwallon a hankali. Ta gangara, ta wuce gwangwanin da kamar taki guda, ta tsaya a gindin randa. Alhaji ya yi tsaki, irin tsakin da suka saba ji a fili. Zulkifli ya ji idanunsa sun kawo ruwa, ya yi sauri ya sunkuya ya ɗauko ƙwallon.

Suka yi ta yi har azahar. Bayan sun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, Alhaji ya kama hannun rigarsa.

"Asabar," ya ce, yana auna kowace kalma. "Ku zo... ku ɗauke ni. In ga wurin... da idona."

Zulkifli ya dubi Hajiya Asiya.

"Likita ya ce hita za ta yi mai amfani," ta ce. "Amma ku sama mai kujera da inuwa, kuma ku maido min shi kahin la'asar."

"An gama, Hajiya."

A kan hanyar komawa Birnin Kebbi, Zulkifli ya yi ta lissafa motocin 'yan kulob a ransa, yana neman wadda ba ta da tsawo, wadda Alhaji zai iya shiga ba wahala. Yana shiga gari ya juya zuwa Nasarawa don ya shaida wa Usmanu.