Bana Babu Ramuwa

Tun da hantsi tukunyar Inna Tambaya ke tafasa. Sassaƙen maɗaci da ganyen darbejiya da jar kanwa suna ta juyi a ciki, har ruwan ya koma baƙi ƙirin. Asta na zaune a gindin bukka, ta toshe hanci da gefen mayafi.

Rugarsu tana bayan babban kanal ɗin da ya ratsa gonakin shinkafa tsakanin Bunkure da Kura. Ruwa a kwance rani da damina, sauro ya samu gidan zama, don haka duk wanda ya ce wash a rugar nan, zazzaɓi ne. Inna Tambaya, uwar mijin Asta, ba ta san wata cuta ba bayan shi, ba ta kuma yarda da wani magani ba bayan tukunyarta. Abin mamaki, tsohuwar da ke hango saniya daga nesa ta ce wannan ta ɗauki ciki, ita ce ta kasa karanta matar ɗanta da suke ci a ƙwarya ɗaya. Shekara bakwai ana jira, ido ya gaji da dubawa.

Asta kuwa ta san ba sauro ba ne. Kwana goma ke nan, tun washegarin ƙaramar salla, kullum da amai take wayar gari. Ita da ta tashi cikin nono, yanzu ƙamshin man shanu ke juya mata ciki. Yawu ya ƙi tsayawa a bakinta, ƙirjinta ya yi nauyi, barci na ɗaukarta a tsakiyar tatsa. Jiya da ta dawo daga tallar nono ta tsinci kanta tana gatsar ɗanyen mangwaro har guda huɗu.

Ta taɓa jin irin wannan shekara uku da suka wuce. A lokacin ba ta gane ba, ta sha kofi biyu daga wannan tukunya. Bayan kwana biyu jini ya ɓalle mata, wata ma'aikaciyar asibiti ta raɗa mata cewa cikin wata biyu ne ya zube. Ta haɗiye maganar, ba ta gaya wa kowa ba. 'Yar Fulani ba ta buɗe baki ta ce wa surukarta tana da ciki. Ko mijinta ma sai dai ya gani da idonsa.

Inna Tambaya ta tace ruwan a kofin silba ta miƙo mata. "Ungo, shanye da zafinsa."

Asta ta karɓa da hannu biyu. "Inna, bari ya huce."

"Ɗazu ma haka kika ce, na mai da shi wuta."

Hammadu, mijinta, yana tsaye da sanda a kafaɗa, shanu na jiransa a bakin kanal. "Ki daure ki sha mana," in ji shi. "Dubi yadda kika rame. Ba zan tafi ba sai na ga kofin nan babu komai."

Tururin ya bugi fuskarta. Ta kai kofin bakinta, ta sauke. Tsoro ya kama ta sosai: in ta sha, ta san abin da zai biyo baya, in ta faɗa, da wane ido za ta sake kallon tsohuwar nan, ga kuma ɗanta a tsaye?

"Ke, ba na son sakarci," in ji Inna. "Ki sha ki warke. Sa'o'inki duk sun fara ramuwar azumi, suna son su samu Sitta Shawwal, ke kina nan kwance. Kwana nawa ma kika sha bana?"

Asta ta sunkuyar da kai.

"Bana ba ni da ramuwa, Inna."

"Kamar yaya ba ki da..."

Azumi talatin cif aka yi, kuma tsohuwar ta tuna kullum tare suka yi sahur, tare suka sha ruwa. Mace mai shekarun Asta ba ta azumtar wata guda ba fashi sai da dalili. Ta dubi bakin da ke tara yawu, ta dubi idanun da suka faɗa, ta dubi ƙwallayen mangwaron da ke zube a bayan bukka. Sai ta miƙa hannu ta zare kofin a hankali.

"To zazzaɓin fa?" Hammadu ya tambaya.

"Wannan zazzaɓin sai an girbe dawa zai sauka. Bi shanunka."

Ya tsaya yana kallonsu, bai gane ba. Da uwar tasa ta ɗaga masa gira, ya juya ya tafi yana waiwaye.

Inna Tambaya ta daɗe tsaye da kofin a hannu, tana kallon tukunyar da ke ci gaba da tafasa. Farin cikin da ya fara hawa fuskarta ya tsaya a hanya. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Waccan shekarar, da kika kwanta asibiti. Kofi nawa na ba ki?"

Hawaye ne kawai ya ɗiga a kan zanen Asta.

Tsohuwar ta naɗe hannu da tsumma, ta sauke tukunyar daga murhu. Ta ɗauke ta ita kaɗai, tana tafiya tana hutawa, har bayan garke inda ba mai bi, ta kifar da ita.