Ranar da Inno ta faɗi sunan 'yar fari

Ni Hanatu, shekarata shida ina ɗauko muryoyin mata don shirinmu na rediyo a Gusau, kuma ina ganin babu bakin da ba zan iya buɗewa ba. Sai da na je Bilbis na san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abin da ya kai ni, Balkisu ce. Ta gama makarantar ungozoma, an turo ta ƙaramin asibitin garinsu, inda mata suka daɗe suna gwammace haihuwa a gida da a ce namiji ya duba su. Gidansu ya cika da 'yan barka, ana ta dama fura. Kafin in kunna rikoda ta ja ni bayan rumbu.

"Anti Hanatu, ni ce ɗiyar hwari," in ji ta. "Tunda nike ban taɓa jin sunana bakin Inno ba. Daga 'ke' sai 'waccan'. Ko sau guda nika son in ji."

Na san al'adar, mu ma haka take a gidanmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, kunya ce. Amma yarinyar ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce ta bar min, ai sana'ata ce.

Inno, mahaifiyarta, tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Na gaishe ta, na miƙa rikoda, na ce ta gaya wa masu sauraro sunan 'yarta.

"Wace?"

"Ungozomar, Inna."

"Ga ta can tsaye. Tana da baki, tambaye ta."

Mata suka kwashe da dariya. Na bi ta nan, na bi ta can, tsohuwar nan ta fi ni wayo. Na tambayi sunayen 'ya'yanta duka, ta fara daga na biyu. Na ji haushi har na fara tunanin motar komawa Gusau. Balkisu kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Sai na bar wayon, na tambayi Inno dalilin da ya sa ta bar 'ya mace ta tafi karatu har Tsafe. Nan ta ajiye faifan waken.

"Ƙanwata Rabi kwana biyu tana naƙuda cikin ɗaki, don ba mace asibiti," in ji ta. "Da ƙyar anka samo kanta. Rannan nic ce in Allah ya yarda sai gidanga ya hidda mai karɓar haihuwa. Uban waccan ya ƙiya, ni kau nit tsaya mai har ya gaji."

Na ce, "To Inna, gobe wata mai ciki a rugar daji za ta ji shirin nan, ta taso. In ta iso ƙofar asibiti, wa za ta ce tana nema?"

Wallahi ba tarko na ɗana ba, tambayar ce ta zo da kanta. Inno ta jawo mayafi ta rufe fuska ruf, sannan daga ciki murya ta fito a hankali.

"Ta ce Balkisu. Balkisu tawa."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Inno ta tashi da sauri ta shige ɗaki ta saki labule, tana cewa na jawo mata abin faɗa a gari.

Na waiwaya neman Balkisu. Ta durƙusa a gefen turmi, tana dariya hawaye na zuba. Ta miƙo hannu wajen rikodar.

"Anti, maido baya. Ƙara sa min."