Tsofaffi Bakwai a Lamba Ɗaya

Shekarar da dutse ya yi aman wuta ya binne ƙauyenmu, Mbah Paijan, wato Kaka Paijan, shi ne ya fito da uwarsa goye a baya, yana jan saniya da hannu ɗaya. Maza irin na lokacinmu an daina haifarsu. Shi ya sa ransa ya ɓaci da ya ji na'urar gunduma ba ta fitar da sunansa ba cikin waɗanda mota za ta kai tsohon ƙauye sharar kaburbura kafin azumi. Ubansa yana can kwance, ga ƙafafun Paijan sun fara ƙin hawan tudu. In bana ta wuce, wa ya san baɗi?

Ya nufi ofishin gunduma, amininsa Mbah Sarpin na biye da shi yana washe baki, don shi sunansa ya fito.

"Na'ura ta san mutanen kirki," in ji Sarpin.

"Rufe min baki, mai kan kwakwa! Wa ya zaro ka daga cikin toka?"

Lestari, ma'aikaciyar ƙididdiga, ta karɓi katunansu ta jera, ta daɗe tana kallon kwamfuta.

"Mbah, rana ɗaya aka haife ku?"

Paijan ya yi dariya har da tari. Ya tuna ranar da magatakarda ya zo yi wa mutane rajista a gindin babbar bishiyar ƙauye, ana ta cin dafaffen rogo da shan shayi mai zaƙi. Wannan ya ce an haife shi shekarar ɓeraye, wancan ya ce lokacin da kogi ya cinye gada. Magatakarda ya gaji, ya rubuta wa samari bakwai ranar ƙarshe ta Disamba, shekara guda.

"To, ga matsalar," in ji Lestari. "Ranar haihuwa tana cikin lambar katin, don haka taku iri ɗaya ce, sai harafin ƙarshe. Lambar kuma ta yi wa manhajar tsawo, sai manhajar ta riƙe goma sha biyar na farko cikin goma sha shida, ta mai da na ƙarshe sifiri. Sai ta ga mutum ɗaya sau bakwai, ta bar na farko, ta share sauran."

"Wato cikinmu duka wannan ragon ta zaɓa?" in ji Paijan.

"Ni ne wanku, ka ji da kunnenka," in ji Sarpin.

Lestari ta sake shigar da lambobin a matsayin rubutu, kowace da wutsiyarta. Sunaye suka dawo. Tana karantawa, Paijan yana amsawa: wannan yana wurin 'yarsa a birni, wannan ya rasu, wannan ma. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Saka ni kusa da tagar mota, jikata," ya ce wa Lestari.

Ranar tafiya, suka tarar ciyawa ta rufe komai a tsohon ƙauye. Paijan ya bi bakin tsohuwar rijiya har ya gano kabarin. Ya durƙusa da lauje, ya yi wa ubansa sallama, ya fara ba shi labarin wanda ya rage da wanda ya tafi. Sarpin ya tsuguna gefensa yana tuge ciyawa.