Layin da Ya Kwanta

Shekara goma sha tara ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin makarantar nan, ban taɓa shan takaici irin na ranar Laraba ba.

Jarrabawa aka yi. Kowa kwalabe biyar, kowace da ɗigo goma na ruwan dankali, saboda enzayim ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke tayar da kumfa. Sai a zuba haidurojin, irin na wanke ciwo, ana ƙara masa ƙarfi daga kwalba zuwa kwalba, a auna kumfar da ta taso cikin minti guda. Wata ɗaliba da ake ce wa Tabarau ta auna nata tsakani da Allah. Kumfa ta yi ta ƙaruwa har kwalba ta uku, ta huɗu da ta biyar ba su ɗara ta ba. Haka ta zana sakamakon a takarda: layi ya hau, ya kwanta. Sauran kuwa rula suka ɗora, suka ja layi ɗoɗar har sama, don sun san abin da sabon malaminsu yake so.

Malam ya jefa mata takardarta da ƙaton sifili, ya ce ajin kimiyya na baɗi ba da ita ba.

Raina ya ɓaci, na same shi a teburinsa.

"Malam, yarinyar nan ce kaɗai ta yi daidai. Enzayim kamar ni yake, hannu biyu gare shi. Ko kwalba dubu ka tara mini, ba zan ƙara sauri ba, sai dai ka ƙaro mai wanki."

"Baba, tsaya a wankinka," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Ni za a faɗa wa haka? Na jera kwalabe biyar a gabansa na maimaita gwajin. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, kansu ɗaya. Na ɗauko ta shida na ninka ruwan dankalin. Kumfa ta yi ambaliya har kan takardunsa.

Ya janye takardun, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Kira ta, ta zo da takardar."

Da gwiwata mai ciwo na yi gudu. Na same ta zaune a kan matakala, idanu jajur, rula a cinya. Ta goge layinta har takardar ta kusa hujewa, ta ja sabo ɗoɗar zuwa sama.

Ta miƙo mini da hannu biyu. "Baba, na gyara. Ka roƙe shi ya karɓa."