Minsharin Isyaku

A unguwarsu a Wudil, minsharin Isyaku abin alfahari ne. Dillalin shanu ne a kara, ƙato, wuya kamar na bijimin da yake sayarwa. In ya kwanta, maƙwabta sukan ce, "Kun ji barcin mai lafiya." Haka mutanenmu suke. Tumbi arziki ne, minshari kwanciyar hankali, wanda ke gyangyaɗi ana tsakar ciniki kuwa gajiyar neman halal ce.

Matarsa Rahinatu ce kaɗai ta san abin da ke faruwa tsakanin minshari da minshari. To, wa za ta gaya wa? Maganar turaka ba ta ƙetare zaure.

Da awo ya nuna yana bakin kamuwa da ciwon suga, Isyaku ya bar lemo, ya bar shayi mai zaƙi, ya sha ruwan shuwaka har fuskarsa ta saba da yamutsewa. Suga dai sai hawa yake. Ranar komawa asibiti, yayansa Ɗayyabu, mutumin da bai taɓa rasa bayani a kan komai ba, ya ce shi ma za shi. Rahinatu ta bi su da jakar magunguna, ta raɓe a bakin ƙofa.

Likitar, wata 'yar Zuru mai suna Rahila, ta duba takardar awon, ta ce, "Baba, yaya barci?"

"Barci?" in ji Ɗayyabu. "'Yata, tambayi wani abin. Daga bakin titi ake jin sa."

"Kana tashi da ƙarfin jiki?"

Isyaku ya buɗe baki, Ɗayyabu ya riga shi. "Kamar doki. Ke dai ƙara masa ƙwaya. Ni na san abokan kara ne suka sa masa hannu."

Likita ta leƙa bayansu. "Mama, ke kike kusa. Me kike ji?"

Rahinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi zancen kwanciyar mijinta a gaban yayansa? Uwarta ma da ke kabari sai ta ji kunya. Amma ta tuna surukinta, mahaifin Isyaku, shi ma gwanin minshari ne, an yi ta yaba masa har suga ya cinye masa ido da ƙafa.

Bakinta ya ƙi faɗa, sai ta kwaikwaya. Ta ja minshari mai kauri, ta sake ja, sannan ta ɗauke numfashi ɗif. Ta riƙe, ta riƙe, har idonta ya kawo ruwa, sai ta zabura da shaƙewa kamar wanda aka tsamo daga kogi.

"Haka yake yi har asuba," ta ce, kanta a ƙasa. "Nakan taɓa shi in ga ko yana nan."

Likita ta ajiye biro. "Baba, wannan ba barci ba ne, kokawa ce. Jikin da ake yi wa haka kullum yakan kasa sarrafa suga, ko da ka bar zaƙi. Zan tura ka Kano a auna barcinka."

"A je Kano a kwanta?" Ɗayyabu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Barcin ma sai da likita! Ke kuma, Rahinatu, ashe bakinki ba shi da ƙyaure. Kin tona asirin gida a gaban bare."

Isyaku bai kula shi ba. Matarsa yake kallo.

"Maman Khaulat, da gaske haka nake yi?"

"Tun kafin a yaye Khaulat, Malam."

Ya miƙa hannu ya karɓi takardar Kano. Ɗayyabu kuwa, daga ranar ya daina amsa gaisuwar Rahinatu, ya kuma baza wa dangi cewa boko ya shiga gidan ƙaninsa. Ta ci gaba da durƙusa masa duk safiya, yana wucewa tana miƙewa ta kama aikinta.