Faifan Bulus

Ni tela ne, ba makaɗi ba, kuma da na tsaya a kan ɗinkina da ban jawo wa kaina abin da har yau yake cin raina ba. Sunana Yamusa. Rumfata tana bakin kasuwar Karshi, daura da inuwar da matan Fulani ke sauke ƙoren nono. A shekarun da ake yaƙi a kudu garmaho, wato akwatin kiɗa mai faifai, ɗaya ne tak a kasuwar nan, kuma nawa ne. Abraham, kukun wani Bature mai awon ƙasa, shi ya kawo mini shi da faya-fayai tara, ni kuma na ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti.

Takwas daga ciki shirme ne, ƙaho da gangunan soja, sai wata mata mai ihu kamar ta taka garwashi. Na taran kuwa gara ta cinye takardar da ke tsakiyarsa, ba suna ba komai. Ran da na fara ɗora shi ina tsakiyar ɗinka wando. Mutum ɗaya ne da jita, ba ganga, ba 'yan amshi. Sai ya ja magana ta hanci, ya sake maimaita ta, sannan tsirkiya ta amsa masa. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma wallahi ban san lokacin da na ɗauke ƙafata daga keke ba. Wannan bawan Allah akwai abin da ya rasa, ko kurma ya ji ya san haka.

Na kira Malam Philip, malamin makarantar Mishan, tunda shi ne mai jin Turanci a cikinmu. Ya saurara, ya kaɗa kai, ya ce, “Ai wannan bulus ne.”

Na ce, “Wane Bulus? Ɗan gidan wa?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba sunan mutum ba ne, sunan irin kiɗan ne, na baƙar fatar Amurka, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu tun zamanin bayi. Na ce to shi mai waƙar fa, wa sunansa? Ya juya faifan gaba da baya, ya ce gara ta riga mu. Ya ce ba ya cikin manyan da yake ji a rediyo, wataƙila ma faifai ɗayan nan ya taɓa yi duk rayuwarsa. Amma ina! Mutanen kasuwa sun riga sun cafke. Daga ranar kowa sai ya ce, “Tela, sa mana Bulus.”

A cikin masu nonon akwai wata dattijuwa, Inna Asta, doguwa, marar son magana. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, bayan gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Wata ranar kasuwa da hantsi na sa faifan. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar inda mutumin ke ɗaga murya ya ja wata kalma, in ka ji sai ka rantse “Adda” ya ce, wato yadda Fulani ke kiran yayarsu mace. Malam Philip ya ce kalmomin Turanci biyu ne suka haɗe a bakinsa. Allah ya sani.

Yana kaiwa wurin sai na ji murya a bayana ta ce, “Na'am.”

Na waiwaya. Inna Asta ce tsaye, ta baro ƙwaryarta a buɗe ƙudaje na bi.

“Tela, ina ka samo Maude?”

Na ce, “Wane Maude, Inna?”

Ta ce ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Makaɗin molo ne. Shekara goma sha shida ke nan da ya bi masu kora shanu zuwa Ikko, wato Legas, a ƙasa, bai dawo ba, ba a kuma samu wanda ya ce ya ga gawarsa ba. Ta ce haka yake jan murya ta hanci, haka yake barin tsirkiya ta ƙarasa masa magana, kuma duk duniya ba mai ce mata Adda da wannan jan sai shi.

Kafin in buɗe baki, wani mahauci mai shisshigi ya ce, “Haba Inna, ai wannan Bulus ne, kowa ya sani.”

Ta dubi garmahon. Sannan ta ce, “Ashe abin da ya hana shi dawowa ke nan. Ya shiga coci, sun sake masa suna, kunyarmu yake ji.”

Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan mutumin Amurka ne.”

“Amurka gaba da Ikko take?”

“Gaba ƙwarai, sai an haye teku.”

“To ai can ya nufa.”

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na kawo Malam Philip ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa bulus kiɗa ne, ba mutum ba. Ta bar shi ya gama tsaf, ta ce, “Malam, kai ka goya shi ko ni?” Ƙarshe ma ita ta sa shi ya ɗauko takarda ya rubuta wasiƙa. Abin da ta ce a rubuta kaɗan ne: ya dawo, ko Bulus ne ko Maude, ba wanda zai yi masa gori, saniyarsa ta haihu har jikoki. Malam ya rubuta, ya linke, ya dube ni, na dube shi. Ina za a aika? Na jefa ta cikin akwatin zare.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ta sauke ƙwarya ta zo ta tsuguna a bakin rumfata. Ba ruwanta da sauran waƙar. Da ya ce “Adda” ta ce “Na'am”, sai ta ce, “Tela, mai da shi baya.” In ɗaga allura in mayar. Sau goma, sau ashirin. Wani lokaci haushi ya kama ni, ga ɗinkin mutane jibge, amma in na ga fuskarta sai in kasa.

To ga inda na yi wautar. Allurar garmaho ba a maimaita ta, in ta yi waƙa ɗaya ko biyu sai a jefar a sa sabuwa. Gwangwanin alluran da Abraham ya ba ni ya ƙare. Na aika Keffi, aka ce babu, kaya ba sa hawowa saboda yaƙi. Sai na ce kai, ni da na tsufa cikin allura, wannan ce za ta gagare ni? Na tattaro tsofaffin, na wasa su a dutsen da nake wasa almakashi, har suka yi tsinin da ya fi na sabuwa. Ina ta yabon kaina, wai ni mai dabara.

Malam Philip ya tafi hutu garinsu a lokacin. Da ya dawo ya ji muryar faifan ta shaƙe, ya shafa bakin allurar, yatsansa ya fito da baƙin gari. Ya ce, “Yamusa, me ka yi? Ai huɗa kake yi a faifan nan, ba kiɗa ba!” Ya ɗaga shi a rana ya nuna mini. Ko'ina baƙi ne mai sheƙi, ban da zobe ɗaya a tsakiya da ya koma fari-fari. Daidai wurin kalmar ne, inda muka fi nika.

Na koma sa ƙayar aduwa maimakon ƙarfe, don an ce ita ba ta ci. Amma ɓarnar ta riga ta auku, kowane juyi sai muryar ta ƙara nisa. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. In na sa, ina kashe shi. In na hana, ina kashe ta. Wata ranar na yi mata ƙarya na ce garmahon ya lalace. Ta zauna a bakin rumfar tun hantsi har la'asar, ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba, ta ɗauki nononta ta koma da shi ruga. Kasuwa ta gaba tun kafin ta sauke kaya na murɗa hannun garmahon na ɗora faifan.

Haka muka yi ta yi har wata biyu. Tun tana ji daga bakin rumfa, ta koma matsowa, har ta kai sai ta kara kunnenta a jikin akwatin.

Ranar ƙarshe an yi ruwa da safe, kasuwa ba ta cika ba. Na sa sabuwar ƙaya, na ɗora. Jita ta fara, mutumin ya ja maganarsa ya maimaita. Inna Asta ta kara kunne, ta buɗe baki tana jira. Allura ta iso wurin, sai shuuu, kamar ana zuba gero a buhu. Ta wuce, waƙa ta ci gaba.

“Mai da shi baya.”

Na mayar. Shuuu.

“Sake.”

Na sake har sau uku. Babu. Na so in ce mata ni ne, ni da dutsen almakashina, kuma mutumin nan ko sunan Karshi bai taɓa ji ba. Amma in na faɗa me zan ba ta a madadinsa? Ni kaina ban san ko wane ne na goge wa murya ba, balle in nemi gafararsa.

Ta ɗago kanta a hankali. Ba ta yi kuka ba, Fulani ba sa yi a gaban mutane. Ta ce, “Ya gaji da kira.”

Na ce, “Inna, faifan ne ya...”

“Shekara goma sha shida, ai dole ya gaji.” Ta miƙe, ta gyara zanenta, ta naɗa gammo. Na taimaka mata ta ɗora ƙwarya. Har ta juya sai ta tsaya.

“Tela, wasiƙar nan ta tafi?”

Akwatin zaren na nan kusa da gwiwata. Na ce, “Ba a samu mai zuwa ba tukuna.”

“To in an samu, a ƙara masa magana ɗaya. A ce wa Bulus duk kiran da ya yi na amsa. Ko ɗaya ban bari ya faɗi ƙasa ba.”

Na ce to.