Zaren Kaset Ɗin Baba Direba

"Anti, ya tsinke! Rikodar ta cinye shi!"

Haka 'yar maƙwabcina ta faɗo shagona ko sallama babu, zaren kaset na reto a hannunta kamar hanjin kaza. Na ɗage ƙafa daga keken ɗinki.

Mahaifinta, Baba Direba, ya shekara arba'in yana jan babbar mota, kuma duk inda ya yada zango sai ya naɗo kiɗan da babu mai saurara. Akwai na mai busa tiyon ruwa, akwai na tsohuwar da ke rera waƙa da bakinta a cikin tulu. Shekara tara ina shan wannan ta katanga. Na sha ce masa, "Baba, wannan kiɗa ne ko ciwon ciki?" Sai ya yi dariya, washegari ya miƙo mini wani. Ni kuwa tun ina tsaki har na koma jira.

Yanzu sati uku ke nan yana kwance, asibiti sun ce a koma da shi gida. Tun safe abu ɗaya yake roƙo: kiɗan wani makaho mai kaɗa kwalabe da ya taɓa rage wa hanya. Kaf duniya babu shi sai a kaset ɗin nan.

"Ni fa tela ce, ki kai wa mai gyaran rediyo."

"Ya yi tafiya. Anti, ban ga alamar Baba zai kai gobe ba."

Na ɗauko almakashi, na datse inda ya taune, na haɗa bakin biyu da jan farce, na naɗe da biro.

Ɗakinsa na warin man zafi da tsohuwar takarda. Kaset ne jere har saman taga, kowanne da rubutunsa na jan biro. Hasken la'asar ya kwanta a kan bargonsa. Ya rame ƙwarai, sai idanu.

"Maƙwabciya, kin ɗinke?"

"Na ɗinke, Baba."

Na saka kaset ɗin a rikoda, na danna. Kwalaben suka fara, tin, tin, a hankali kamar ɗigar ruwa a bokiti. Ya lumshe ido. Sai aka iso inda na haɗa, sautin ya nutse. Kowane bugu ya koma yana tasowa daga nesa, ya kumbura, ya ɗauke ɗif. Ashe na murɗe zaren, baya ya dawo gaba, kiɗan yana tafiya da baya.

Abu ɗaya bawan Allah ya roƙa, na lalata masa. Hawaye suka zubo mini.

"Baba, ka yafe ni. Bari in kwance in sake."

Na kai hannu, ya riƙe mini wuyan hannu. Ban san da sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"Kul. Bar shi."

Na janye hannuna. Labule na motsi, kiɗan na shigowa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na rasa ko minti biyu muka yi ko awa.

"Ikon Allah," ya ce, murya can ƙasa. "Shekara arba'in ina yawo, ban taɓa jin irin wannan ba. Ashe yana bayan katangata." Ya ɗan murmusa. "Ke da kike cewa ciwon ciki."

"Har yanzu ciwon cikin ne, Baba."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta fito ba. 'Yarsa ta matso ta ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa kalmar shahada a kunne, leɓɓansa na bi. Yatsansa ɗaya na bugun bargo, yana neman inda kiɗan zai sauka. Can na duba, yatsan ya kwanta.

Kaset ya kai ƙarshe, maɓallin ya ɗago da kansa, ƙas. Daga ni har ita babu wadda ta tashi ta juya shi.